Jan Layin da Aka Jingina wa Yayana

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar muku da abinku. Mai tauna goro ya tauna a hankali, mai goyo ta lallashi ɗanta. Ba tatsuniya na kawo muku ba. Labarin yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya koma ga Mahaliccinsa a Ƙauran Namoda wata Laraba da hantsi, lokacin da gero ke fitar da kai. Ni ko alif ban sani ba. Ina faɗi ne ana rubutawa, kuma na ce a rubuta yadda ya fito daga bakina.

Kafin mota ta kawo ni daga Zurmi an riga an kai shi makwancinsa. Na tarar da ƙofar gida ba masaka tsinke. Tsofaffin ma'aikatan reluwe sun zo da sandunansu, waɗansu ana riƙe da hannunsu, suna ta cewa duk shekarun da ya yi yana akawu a tasha ba a taɓa dawo da takardarsa daga sama ba. Ɗaliban foli, babbar makarantar fasaha ta garin, sun zo gungu-gungu. Wata daga cikinsu ta shigo wurin mata tana kuka tana dariya, ta ce ranar da Baba ya mayar mata da aikinta na gama makaranta ta zaci kaza aka yanka a kai, saboda jan biro. Matan unguwa kuwa cewa suke yi yanzu katin biki ya huta da mai duba shi, sai kuma su kai bakin zane su share ido.

Kwana biyu ba a yi komai ba sai yabo. Ran sadakar uku iska ta juya. Muna rabon waina, wata maƙwabciya ta matso kusa da ni, ta rage murya.

"Ashe Malam ya hidda ɗan ƙanwarku daga takardar gida kahin shi cika?"

Na tambaye ta inda ta samo wannan. Ta ce ai a ƙofar gida kowa ya ji, an buɗe kwamfuta an gani, jan layi ne a kan sunan yaron da na 'ya'yansa, kuma da sunan Malam a jiki. Ta ƙara da cewa na'ura dai ba ta ƙarya.

Na tashi na leƙa ta zaure. Ga babban ɗan Yaya a kan tabarmar masu karɓar gaisuwa, ga ƙanenmu na Shinkafi a gefensa. Ɗan ƙanwarmu ba ya cikinsu. Can na hango shi a tsallaken hanya, ƙarƙashin dalbejiya, zaune cikin 'yan kabu-kabu kamar wanda ya zo wucewa. Tun daga lokacin waina ta daina shiga bakina. Mutumin da ya ƙare ransa yana riƙon zumunci, a ce da yanke zumunci ya rufe littafinsa, kuma ba ya nan balle ya kare kansa. Na ce a raina ba zan koma Zurmi ba sai na san hannun da ya ja layin nan.

To bari in gaya muku wane ne Yaya, don ku san abin da ya sa ban yarda ba.

Babanmu malamin zaure ne a Zurmi, yana kwafar littattafai da hannu. In ya gama littafi sai a yi muƙabala, wato mutum ɗaya ya riƙe uwar littafin yana karantawa a bayyane, ɗaya ya riƙe sabon yana bi da yatsa, har a kai ƙarshe. Yaya ke karantawa, ni kuma nake dama musu jar tawada a ɗan kurtu, in zauna nesa kaɗan ina kallo. Da Yaya ya fara kwafa da kansa, wata rana ya yi kuskure, ya sa reza ya kankare wurin don kada a gani. Babanmu ya ɗaga takardar ya saita ta da rana, sai ga wurin ya yi shara-shara. Bai doke shi ba. Ya zaunar da shi ya ce wanda ya kankare abu biyu ya ɓoye, kuskuren da kuma hannunsa. Ya ce a ja siririn layi yadda tsohuwar kalma za ta karantu, a rubuta daidai a gefe, a faɗi dalili. Yaya bai kai shekara goma sha biyu ba a lokacin. Da wannan aka kai shi boko, da shi ya shiga reluwe, da shi ya tsufa.

Jan biro ba ya rabuwa da gefen hularsa. A wurin ɗaurin aure ana addu'a, shi yana duba katin. Kuma in ka kawo masa labarin wani, tambaya biyu yake yi maka, ba ya ƙara ta uku: "Wa yac ce? Don mi yac ce?" In ba ka da amsa sai ya ci gaba da abin da yake yi kamar ba ka nan. Masu kai gulma suka daina bi ta ƙofarsa. Ni kaina na sha haushin abin, don wani labarin daɗinsa ke nan, a ji shi ba a san mai shi ba.

Ƙanwarmu, autar mata, wani Banufe ta aura, mai gyaran kan jirgi. Ta rasu ta bar yaro bai kai yaye ba. Aka mayar da uban wata tasha can kudu, daga baya muka ji shi ma ya rasu. Yaya ya ɗauki yaron ya haɗa shi da babban ɗansa, akushi ɗaya, tabarma ɗaya, kaciya rana ɗaya. Taubasai ne, don haka bakinsu ba ya hutawa. Ɗan Yaya yana kiransa "bawana", shi kuma yana kiran ɗan Yaya "Farfesa", don shi ne mai karatu, ya yi ofis, shi kuwa ɗan ƙanwarmu ya gudu daga aji ya bi mota, har ya zama direban babbar mota yana ɗaukar hatsi daga kasuwar Ƙaura. Hannuwansa kamar na maƙeri.

Bayan Yaya ya ajiye aiki, babban ɗansa ya buɗe shago a jikin zaure, ya sa kwamfuta, ana buga wa ɗalibai aikinsu. Ya ɗauki wata Kirista 'yar Filato tana bugawa, kowa Madam yake ce mata. Ita ta buga, Yaya ya duba. Da aka ƙaddamar da Shari'a, mutanensu da yawa suka ɗaure kaya don tsoron abin da ba su sani ba, mijinta ma ya so su tafi. Yaya bai yi dogon lallashi ba. Kujerarsa kawai ya fito da ita bakin shagon, ya riƙa zama tun safe har la'asar, wata da watanni. Wani maƙwabci ya taɓa ce masa bai dace ba ta riƙa buga takardun gidan malamai. Yaya ya ce yatsunta ba su ƙari ba su ragi, kuma ba kowane ɗan sahun gaba za a yi wa wannan shaida ba. Mutumin bai sake tayar da zancen ba.

Madam ce ta nuna masa abin da ya faranta masa rai a tsufansa. Ashe ana iya umartar kwamfuta ta daina shafe abu. In ka cire kalma sai ta ja mata layi ta bar ta ana gani, in ka ƙara sai ta fito da wani launi, ta riƙe sunan wanda ya yi, kuma ana iya buɗe ɗan akwati a gefe a rubuta dalili. Daga ƙarshe mai takarda ya bi ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yarda ya karɓa, wanda bai yarda ba ya mayar. Yaya ya zo Zurmi musamman ya gaya mini, yana dariya har hularsa na zamewa, ya ce ashe wanda ya ƙera abin nan ya zauna a zauren babanmu.

A shekarun nan ne aka yanke mana Zamfara daga Sakkwato, ko'ina ka shiga ana tambayarka ɗan wace ƙaramar hukuma ne kai. Kotuna kuma suka cika da shari'un gado, kowa yana tono tsofaffin takardu daga ƙasan adaka. Babbar 'yar ɗan ƙanwarmu ta je neman shaidar asali don shiga makaranta, wani ma'aikaci ya juya ta, ya ce kakanta ba ɗan nan ba ne. Yarinyar ta dawo ta faɗa a tsakar gida. Yaya yana zaune yana ji. Washegari ya sa Madam ta buɗe sabuwar takarda, ya fara tun daga kakanmu da ya sauka Zurmi, zai gangaro har kan jikoki. A ƙarƙashin sunansa ya jera 'ya'yansa, ya sa ɗan ƙanwarmu na biyu, bayan babban ɗansa.

Ya ce ba zai rubuta shi kaɗai ba, mu uku da muka rage sai kowa ya duba. Kwamfuta ta raba mana launi: shi ja, ƙanenmu shuɗi, ni kore. Ƙanenmu tsohon hedimasta ne, yana da inda yake zama gaban kwamfuta a Shinkafi, don haka ɗan faifan kwamfuta ake ba direban motar haya ya kai masa, ya yi gyaransa ya dawo da shi. Ni kuwa Yaya da ƙafarsa yake zuwa, takardu a cikin leda, ya zauna bakin ɗakina ya karanta, ni in tsayar da shi. Ran nan yana lissafa 'ya'yan innarmu, na ce ya tsallake ɗaya, wadda aka haifa tsakanina da ƙanenmu, ta koma kafin suna. Ya ajiye takardar a cinya, sannan ya ce wallahi ya manta da ita, alhali shi ya raka babanmu maƙabarta da ita a hannu. Da na je Ƙaura ya kai ni gaban gilashin kwamfutar ya nuna mini wani koren rubutu da ɗan akwatinsa, ya ce, "Ga ki nan, ke da ba ki san alif ba." Ban karanta ba, amma na daɗe ina kallo.

Rigimar ta zo da shuɗi. Faifai ya dawo daga Shinkafi da akwati a gefen sunan ɗan ƙanwarmu, ƙanenmu ya rubuta cewa wannan suna ba nan ne wurinsa ba. Da Sallah muka haɗu a Ƙaura, aka ajiye tuwo, kafin a wanke hannu suka fara.

"Yaya, ɗan mace ɗan wani gida ne. Yau suna cikin takarda, gobe fadamarmu ta gado ta Katuru gaban alƙali."

Yaya ya ce gado Allah Ya riga Ya raba, ba takardarsa za ta sake rabo ba, kuma yaron nan ko rabon uwarsa bai taɓa buɗe baki ya nema ba.

"Ban rubuta shi magaji ba," in ji shi. "Ɗa nir rubuta shi."

Ƙanenmu ya ce alƙali ba ya karanta zuciya, baƙi yake karantawa. Ya sa takalmi ya fita, tuwon ya huce. Babban ɗan Yaya yana tsaye a bakin ƙofa duk lokacin, shi ya raka baffansa tasha, ya kuma daɗe bai dawo ba. Madam ta gaya wa Yaya cewa dannawa ɗaya za a yi shuɗin akwatin ya ɓace. Ya ce a bar shi, ƙanensa ya faɗi sunansa ya faɗi dalilinsa, ya cika sharaɗi. Ya rubuta amsarsa a ƙarƙashi, ya ce in an gama duba komai za a tara kowa, shi da kansa zai karɓi na karɓa ya mayar da na mayarwa.

Ba a kai ga taron ba ciwo ya kwantar da shi. Mako uku ya yi. Ɗan ƙanwarmu ya ajiye motarsa, shi ke juya shi, shi ke wanke shi, shi ke ba shi kunu a cokali. Wannan shi ne yaron da aka ce Yaya ya zane sunansa.

Washegarin sadakar uku da safe na sa aka kira mini Madam, na ce ta buɗe shago ta tayar da janareta. Ba zan ɓoye muku ba, da zarginta na shiga. Na ce a raina wa ya sani ko an ba ta wani abu. Na zauna kusa da ita yadda zan ga fuskarta. Na tambaye ta ko gaskiya ne na'ura ba ta ƙarya.

"Mama, kwamfuta ba ta san mutum ba," in ji ta. "Suna ta sani."

Ta bayyana mini cewa da yake Baba ne ke duba aikin ɗalibai kullum, sunansa aka bari a kai. Duk wanda ya zauna bai sauya suna ba, ko ni ce na zauna, ja zai fito, da sunan Baba. Na ce to na'urar ba ta riƙe rana? Ta ce tana riƙewa, amma agogon cikinta ya daɗe da mutuwa, duk sanda aka ɗauke wuta sai ya koma wata tsohuwar rana guda, kowane gyara ranar yake nunawa. Na ce makullin shago nawa ne? Ta ce uku: nata, na mai shago, da na Baba da ke rataye a ƙusa a ɗakinsa. Na ce faifan Shinkafi fa? Ta ce tun kafin ciwo ya dawo na ƙarshe, kuma Baba ya zauna ya karanta bayan nan, sunan yana nan lafiya. Ita ba ta sake buɗe takardar ba sai da mai shago ya buɗe wa baffansa washegarin rasuwa.

Na ce ta koma farkon takarda ta riƙa gangarawa a hankali. Ta ce ko ta karanta mini. Na ce a'a, kallo zan yi. Na ciro tasbahata. Duk inda na ga jan layi sai in dubi gefe, in na ga ɗan akwati in ja ƙwaya ɗaya. Ja, akwati. Ja, akwati. Wani akwatin dogo, wani 'yan kalmomi ne, amma babu jan da ya tsaya shi kaɗai. Tasbaha ta zagaya sau biyu da 'yan kai. Sai muka iso wani wuri, jan layi ya ratsa sahu huɗu a jere. Ga shuɗin akwatin ƙanenmu can gefe da amsar Yaya ta da a ƙarƙashinsa, amma layin kansa ba shi da komai. Na sa yatsa a gilashi na ce nan ne? Madam ta dube ni, ta ce nan ne.

Na riƙe abin a cikina har ran bakwai. A kwanakin nan ba wanda ban auna ba. Na dubi ƙanenmu yana karɓar gaisuwa yana sharce hawaye, na ce ko ya aiko wani. Na dubi Madam, na ce ko duk bayanin nan wayo ne. Na dubi babban ɗan Yaya, wanda ya riƙa kauce wa ɗakin da nake, in ya shigo gaida mata sai ya tsaya daga ƙofa. Har kaina na tuhuma, na ce ko son ɗan'uwa ne ya rufe mini ido, ko ciwo ya sauya shi a ƙarshe. Amma ciwon bai bar shi ya taka ko zaure ba.

Ran bakwai bayan azahar, da baƙi suka ragu, na tara su a shagon: ƙanenmu, babban ɗan Yaya, Madam, na kuma aika aka kira ɗan ƙanwarmu daga tsallaken hanya. Ya shigo ya rakuɓe a jikin bango. Na faɗi abin da tasbahata ta nuna mini. Na ce tun Yaya yana yaro bai taɓa jan layi ya bar shi ba dalili ba, ba kuwa zai fara a kan ɗan da ya rena ba. Na ce wani ne ya ari hannun mamaci.

Ƙanenmu ya zabura. "Ni kike nuhi? Ni maganata shuɗiya ce, da sunana, da dalilina. Ban taɓa sara cikin duhu ba." Na dube shi sosai, na ga haushi ne a fuskarsa, ba tsoro ba. Ya juya ya tambaya wa ke zama gaban abin nan kullum. Ido ya koma kan Madam. Sai babban ɗan Yaya ya yi magana, a hankali, yana kallon ƙasa, ya ce wataƙila hannunta ne ya goce garin aiki, kowa yana kuskure, ba sai an tsananta ba.

Madam ta miƙe. Ta ce shekarun da ta yi a shagon nan ba ta taɓa taɓa abin da ba a sa ta ba, kuma Baba ya sani, amma Baba ba ya nan. Ta fara tattara jakarta. Ƙanenmu ya ce ba inda za ta sai an gama, in ta kama a kai maganar gaba. Na san abin da "gaba" ke nufi ga baƙuwa a garin da ba nata ba, a irin waɗannan kwanaki.

"Ni ne, Inna."

Ɗan ƙanwarmu ne, daga jikin bango. Ya ce shi ya ɗauki makulli daga ƙusa da rana tsaka, Kawu yana barci, ya zo ya zane sunansa da na 'ya'yansa. Ya ce ya gaji da zama sanadin gaba tsakanin kawunnansa biyu, ya so su shirya kafin a rabu. Ya ce bai san abin zai fito da sunan Kawu ba, da ya ji ana faɗi kuma kunya ta hana shi magana. Ya roƙi Madam gafara. Ya faɗi duk wannan a jere, ba gargada, kamar wanda ya yi kwanaki yana bitarsa a ƙarƙashin dalbejiya.

Ƙanenmu ya yi salati ya zauna. Da ya nisa sai ya ce karɓa da mayarwa hakkin Yaya ne, tunda ba ya nan ni ce babba, in yanke. Na ce sunan zai koma inda Yaya ya sa shi, shuɗin akwatinsa kuma zai zauna yadda Yaya ya bar shi, duk wanda ya karanta ya ga duka biyun. Ya ce har gobe yana kan bakansa, amma ba zai ci riba da layin da aka ja a ɓoye ba, shi ba ya cin mushe.

Sai na ce hannun da ya ɗaura shi zai kwance. Na ce wa ɗan ƙanwarmu ya zauna ya mayar da sunansa.

Ya zauna a bakin kujera kamar za ta ƙone shi. Akwai ɗan abin nan mai igiya da ake turawa a kan tebur, suna ce masa linzami. Ya damƙe shi da tafin hannu gaba ɗaya, igiyar ta juyo wajen ƙirjinsa, ya ɗaga shi sama ya nuna wa gilashin kamar mai haska tocila. Ya jira. Ba abin da ya motsa. Ni da ban san alif ba, kwana ɗaya na zauna kusa da Madam na ga ba haka ake riƙe shi ba.

Babban ɗan Yaya ya sunkuyo ta bayansa. "Bawa dai bawa ne," in ji shi, muryar ba ta fita sosai ba. Ya ɗora hannunsa a kan na taubashinsa, ya juya linzamin, ya sauke shi kan tebur. Takardar doguwa ce, Madam ma sai da ta yi ta gangarawa kafin mu iso wurin ran nan. Shi bai nema ba. Kai tsaye ya je, ya danna, jan layin ya tashi daga kan sahu huɗu, sunayen suka koma baƙi.

"Farfesa, sassauta mini yatsu," in ji ɗan ƙanwarmu. "Da su nika cin abinci."

Ba wanda ya yi dariya.

Malamai sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, don haka ban ce kowa ne ba. Abin da idona ya gani na faɗa. Na koma cikin gida na gaya wa mata cewa ba Yaya ya ja layin ba, yaron ya ce shi ya zane kansa. Kafin magariba maganar ta fita ƙofar gida, waɗanda suka yi ta tsegumi suka koma cewa dama sun san Malam ba zai aikata ba. Washegari da zan shiga mota, ɗan ƙanwarmu ne ya ɗauko mini ƙullin kayana daga cikin gida, daga inda 'ya'yan gida ke fitowa.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa muƙabalar da za a yi wa littafinsa ta zo da sauƙi.

Ƙanenmu ya koma Shinkafi, ya ƙara damina huɗu. Bai kai kowa kotu ba, ba wanda ya kai shi, fadamar Katuru tana nan ana noma ta yadda aka saba. A can aka binne shi, bai janye maganarsa ba.

Madam ta yi aiki har aka yi sadakar arba'in. Ran nan ta ajiye makulli a kan tebur, ta shigo ta durƙusa ta yi mini sallama, ba ta shiga ɗakin mai shago ba. Ta koma bugawa a wani shago kusa da kasuwa, daga baya aka yi wa mijinta canjin wurin aiki suka bar Ƙaura. Tana aiko mini da gaisuwa in ta sami mai zuwa.

Ɗan ƙanwarmu ya koma kan motarsa. 'Yarsa ta sami takardar da take nema, ta yi karatun jinya, ita ke auna mini jini in ta zo. Shi kuwa in an tuna masa ranar sai ya ce shaiɗan ne, ya sauya zance zuwa farashin dawa.

Babban ɗan Yaya ya rufe shagon bayan shekara biyu, ya ɗauke kwamfutar ya kai ɗakinsa. Ya zama mai yawan azumin nafila. Duk wata yana zuwa Zurmi da goro da sabulu, ya tsuguna bakin ɗakina, ya ce, "Gwaggo, ina gajiya," in ce babu. Sai ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa, ya ɗago kamar mai shirin magana, sannan ya tambaye ni ciwon ƙafa. Ni ba na tambayarsa, ba na kuma korarsa. Amma shekaru sun ja, gani ya ragu, numfashi ya fara gajarta. In yana da abin faɗi, ya hanzarta.